In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari



Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne zaman mutum da namun daji a wuraren da matafiya ke yada zango a bakin ruwa, da kuma dalilin da ke sa wata dabba ta zama fitinanniya har a ce sai an harbe ta. Watakila wani ya ce, ina ruwan mutumin Kafin Hausa da wannan magana, tun da yake manyan namun daji sun daɗe da ƙaurace wa ƙasarmu? To, amsar ba ta da nisa. A shekarar 2008 an sanya fadamar Baturiya ta ƙasar Haɗeja cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A shekarar 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da ita cikin sababbin gandayen daji 10 na ƙasa. Wurin da ya sami irin wannan suna kuwa lalle baƙi za su neme shi, su shiga kwalekwale, su ci abinci a gaɓa, wasu ma su kwana. Mu da ke karatu a Kafin Hausa da Dutse muna cikin masu kai ziyarar ilmi, gobe kuma daga cikinmu za a ɗauki ma'aikatan da za su tsara wa irin waɗannan wurare dokoki. Saboda haka ya kamata mu san abin da ya sami waɗanda suka riga mu.

Bari mu fara da nesa. A dazuzzukan Amurka da Kanada akwai wata dabba da ake kira beyar, wadda babu ita a ƙasarmu. Ƙatuwa ce mai gashi, mai ƙarfin gaske, tana cin nama da 'ya'yan itatuwa da zuma da duk abin da ta samu, ga ta da jin wari daga nesa. Bisa ɗabi'arta gudun mutum take yi. Amma shekaru da yawa masu yawon buɗe ido suna miƙa mata abinci ta tagar mota, hukumomin gandun daji kuma suna zubar da shara a fili, har jama'a su taru suna kallon yadda take tonon juji. A cikin watan Agusta na 1967, a gandun dajin Glacier da ke Jihar Montana, beyar biyu suka kashe 'yammata biyu a dare ɗaya, a zango biyu dabam-dabam. Da aka bincika sai aka ga dabbobin wannan yanki sun riga sun saba da shara da abincin mutane.

Wannan abu ya farkar da hukumomi. A shekarar 1970 gandun dajin Yellowstone ya fito da sabon tsari: aka tsananta hana ba dabbobi abinci, aka rufe jujin da suke ci, aka kawo kwandunan shara masu murfin da ba su iya buɗewa. Sai dai gyaran ya zo da tsada. Dabbobin da suka tashi a kan juji suka riƙa kutsawa cikin zangon baƙi neman abin da suka saba, aka kashe da yawa daga cikinsu, har a shekarar 1975 gwamnatin Amurka ta sa wannan jinsi na babbar beyar cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Daga baya raunukan da mutane ke samu sun ragu ƙwarai, amma dabbobin ne suka biya bashin sakacin da mutum ya yi.

A Jihar Minesota, a kan iyakar Kanada, akwai dajin tafkuna da ake kira Boundary Waters, mai tafki fiye da 1,000, inda mutane ke tafiyar kwanaki cikin kwalekwale suna kwana a tanti. A nan an lura cewa da zarar beyar ta sami jakar abinci a wani zango sau ɗaya, to za ta riƙa zagayo shi dare bayan dare, kuma wanda ya sauka daga baya shi zai sha wahalar abin da na farko ya bari. Ko an kama ta an kai ta nesa, sau da yawa takan komo. Don haka a shekarar 2024 hukumar dazuzzuka ta wajabta wa kowa ya rataye abincinsa a kan reshe, ƙafa 12 daga ƙasa, ƙafa 6 daga jikin itacen, ko kuwa ya sa shi cikin mazubi mai ƙarfi wanda dabbar ba ta iya fasawa. Ku lura, jama'a, dokar a kan mutum aka ɗora ta.

Yanzu mu komo gida. Gandun dajin Yankari na Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe wa jama'a a 1962, yana da masaukin baƙi kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Duk wanda ya taɓa sauka a can ya san labarin gwaggon biri. Yakan shiga ɗakin da aka bari a buɗe, yakan leƙa motar da ba a rufe gilashinta ba, yakan kuma fizge leda daga hannun mai ita. Baƙi sukan yi dariya, su jefa masa biskit don su ɗauki hoto. Amma biskit ɗin nan darasi ne: ya koya masa cewa mutum rumbu ne mai tafiya, kuma babu abin tsoro a wurinsa. Ranar da ya nema aka hana shi, sai ya nuna haƙora, haƙoran nan kuwa dogaye ne, suna iya yi wa yaro mummunan rauni. A ranar nan kowa zai ce biri ya yi ɓarna, ba mai tuna wanda ya fara koya masa. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba mu ce duk ɓarnar dabba laifin mutum ba ce. Manomin da giwa ta tattake masa gona a gefen Yankari, ko wanda jan baki ya cinye masa shinkafa a fadamar Haɗeja, ba shi ya gayyato su ba, kuma asararsa tana bukatar magani na dabam daga hukuma. Maganarmu a kan zango ce, inda abincin da ke jawo dabba yana hannunmu, mu ne kuma muke da ikon killace shi.

To, mene ne abin yi? Na farko, kada a ba dabbar daji abinci, ko da wasa, ko don hoto. Na biyu, kada abinci ya kwana inda mutum yake kwana. A dafa a nesa da shimfiɗa, a rufe sauran cikin akwatin ƙarfe ko ɗaki mai kulle. Rataya a reshe tana maganin beyar da dila da kare, amma ba ta maganin biri, domin shi bisa itace gidansa ne. Kowace dabba da irin dabarar da ta dace da ita. Na uku, a wanke tukwane tun kafin dare, a kwashe ƙayar kifi da ɓawo da leda a fita da su. Binnewa ba ta wadatar ba, domin mai hanci zai tono. Na huɗu, idan dabba ta shigo zango, a taru wuri ɗaya, a sa yara a tsakiya, a buga kwano a ɗaga murya, a bar mata hanyar fita. Kada a ruga da gudu, kada kuma a yi kokawa da ita a kan jaka. Na biyar, a sanar da ma'aikatan gandun daji tun a karon farko, kafin abin ya zame mata ɗabi'a.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun ɗora rumbu a kan duwatsu, sun rataye ƙwaryar nono a ragaya, masunta kuma sun san shirwa ba ta barin wurin da ake gyaran kifi a fili. Abin da ya rage mana shi ne mu mai da wannan sani rubutacciyar ƙa'ida. Muna roƙon kowace ƙungiyar ɗalibai da za ta shirya tafiya Baturiya ko Yankari ta naɗa mutum ɗaya mai kula da abinci da shara, a kuma karanta wa matafiya ƙa'idojin nan tun kafin mota ta tashi. Waɗanda kuma Allah ya kai su ofis a cikinmu, in aka kawo musu tsarin gina masaukin baƙi a bakin daji, su tambayi inda ɗakin ajiyar abinci yake da yadda za a yi da shara, kafin su sa hannu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amurkawa sai da suka rasa rayukan mutane da na dabbobi kafin su gane haka. Mu kuwa an ba mu labari kyauta, ba mu da uzurin maimaita shi.