Wa zai rubuta tarihin Hausawan Dar Salam?



Tun da aka kafa Wikipedia a 2001, 'yan sa-kai ne ke rubuta ta, ba a biyansu ko kwabo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani 'yan ƙwallo yake bi, wani garuruwa da sarakuna, wani kuwa in ya idar da sallar isha'i sai ya ɗauki wayarsa ya yi ta gyara wa wasu kurakuran rubutu. Abin da ya rasa mai ƙaunarsa, haka zai zauna babu shafi.

Wannan ne ya sa na tuna da 'yan'uwanmu na Dar Salam, a yammacin Omdurman. Hausawan Sudan jikokin alhazai ne da suka taka sayyada zuwa Makka, da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 zuwa Sudan, inda Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 ya tarwatsa gidaje, dattawan da suka riƙe labarin kuma suna ta ƙarewa.

Ƙa'idar Wikipedia ita ce kowace magana sai da madogara a rubuce. Nan matasan Dar Salam suka fi mu dama, domin suna jin Larabci, suna jin Hausa. Su buɗe littattafan Larabci su rubuta mana da Hausa, kowa a kan abin da ya fi so, ko da layi biyar ne a dare.

Mu kwana lafiya.