Akwatin Zaɓe a Cikin Aji: Jawabi ga Iyayen Yara a Garhanga



Ƙuri'a a ƙasar nan da jini aka samo ta. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai. Daga nan aka yi Taron Ƙasa na 1991, aka yi zaɓen 1993. Garhanga kuwa sai a 2004 ta zaɓi kansalolinta na farko. Bayan juyin mulkin 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024.

Sana'ar da aka daina yi, mantuwa takan cinye ta. Don haka nake roƙon kada a raina zaɓen gwamnatin ƴan makaranta. Malam ya raba aji rukuni-rukuni. Wasu su rubuta jerin masu zaɓe, wasu su tsare akwati, wasu su wakilci ƴan takara, wasu su ƙirga ƙuri'u da babbar murya a gaban kowa. Yaron da ya ga ƙuri'u sun fi sunaye yawa ya gane maguɗi. Wanda ya faɗi ya sa hannu a takardar sakamako ya koyi abin da ya gagari manya da yawa.

Ƴan kasuwa, ku ba da kwali da takarda, amma kada ɗanku ya sayi ƙuri'a da alewa. Ma'aikata, ku nuna musu yadda ake cika takardar sakamako. Iyaye, ku bar ƴan mata su tsaya takara.

Duk ranar da akwati ya dawo, yaran nan ne za su zauna a bakinsa.