Kasuwar Hannun Jari: Abin da Lissafi Yake Gani da Abin da Yake Ɓoyewa

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan uwa tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu.

An nemi in yi bayani kan kasuwar hannun jari ta Nijeriya, saboda wasu daga cikinmu suna tunanin zuba kuɗin sallamarsu ko ɗan abin da suka tara a cikinta. Zan tsaya ne kan yadda masana suke auna riba da hawa da saukar farashi, da kuma inda awon nasu yake gazawa a ƙaramar kasuwa irin tamu.

An kafa kasuwar a Legas cikin 1960, aka fara ciniki a 1961, kuma an buɗe mata reshe a Kano a 1989. Tana da ma'auni guda wanda yake tattara farashin kamfanoni, an fara shi da maki 100 a watan Janairun 1984. Ya haura 66,000 a watan Maris na 2008, amma kafin ƙarshen 2009 ya dawo wajen 20,000. Mutane da yawa da suka ci bashin banki suka sayi hannun jari ba su farfaɗo ba. Ya sake tashi daga baya har ya wuce 100,000 a Janairun 2024.

Masana sun lura cewa rikicin farashi a jere yake zuwa, wato ranar tashin hankali takan jawo wata, kwanciyar hankali ma haka. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Sara ya san wannan: in farashi ya rikice a makon nan, da wuya ya lafa a mako mai zuwa. Robert Engle ya mayar da wannan lissafi a 1982, ya sami lambar Nobel a 2003, ɗalibinsa Tim Bollerslev kuma ya faɗaɗa shi a 1986, shi ne ake kira GARCH. Malamanmu na lissafi su yi mini haƙuri, ba zan hau allo ba. Abin da lissafin yake faɗa shi ne girman girgizar da za a iya samu gobe. Ba ya faɗin ko sama za a yi ko ƙasa, duk dillalin da ya ce maka ya faɗa, to ka riƙe aljihunka.

Matsalarmu ita ce an gina waɗannan dabaru ne kan manyan kasuwanni irin na Amurka da Ingila. A tamu, akwai kamfanonin da sai a yi kwanaki ba a sayi hannun jarinsu ba, farashi ya tsaya cik. Lissafi sai ya ɗauka zaman lafiya ne, alhali ba mai saye ne, kuma ranar da ka buƙaci kuɗinka za ka gane. Ga kuma ƙa'idar da ta taƙaita motsin farashi na yini zuwa kashi 10 cikin ɗari, wadda takan raba faɗuwa guda zuwa kwanaki da yawa. Sannan kamfanoni ƙalilan ne suke jan ma'aunin, kamar MTN da ya shiga a 2019, da Dangote Cement na tsohon ɗalibin makarantar nan, Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya shiga a 2010. Ma'auni yana iya tashi naka jarin yana kwance.

Ita ribar ma sai an cire tsadar rayuwa. A 2024 ma'aunin ya ƙaru da kusan kashi 38, hauhawar farashin kaya kuwa ta kai kusan kashi 35 a watan Disamba. A ganina, kafin ɗayanmu ya sayi wani kamfani, ya sa dillali ya nuna masa kwana nawa aka yi cinikinsa a wata ukun da suka wuce, kuma kada ya sa kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa.