Kama Da Wane Ba Ta Wane: Lambar Shaida A Ofis Da Cikin Kwamfuta

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Barnawa, Kaduna



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga ya dace su kira ni in yi muku jawabi a kan aikin kwamfuta. Na san da yawa daga cikinku sun zo ne da tsammanin za su ji labarin manyan al'amura, amma abin da na zaɓa ɗan ƙarami ne, wanda mai aiki da kwamfuta zai shekara goma bai taɓa sa shi a ido ba, watau lambar shaida da akan bai wa kowace kwamfuta a lokacin da aka girka mata manhaja. Ina roƙonku ku yi haƙuri ku saurara, domin wannan 'yar lamba ta taɓa jefa ni cikin kunya, kuma irinta ce ke tsakanin ma'aikacin gaskiya da na bogi a takardar albashi.

Bari mu fara daga nan kusa da mu, a Kakuri. A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa ta harhaɗa motoci a can, aka shiga fitar da Fijo 504 wadda ta zama motar ma'aikacin gwamnati a duk faɗin ƙasar nan. Kowaccensu sunanta 504, da yawa launinsu ɗaya, in an jera su sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. To, amma ranar da aka sace guda, ɗan sanda ba zai tsaya kan launi ba, domin ana sake fenti, ba zai kuma dogara da lambar da ke gaba da baya ba, domin ana cire ta. Lambar shasi zai nema, wadda aka buga a jikin ƙarfe tun a masana'anta. Haka kuma masaƙun Kakuri, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, sun saba wa iyayenmu mata da duba lambar zane a gefen turmin atamfa. Sai dai wannan lamba ta zane ce, turmi dubu suna iya ɗaukarta. Ke nan lamba iri biyu ce: akwai mai nuna iri, akwai mai nuna abu guda tilo wanda ba shi da na biyu. Duk jawabina na yau a kan wannan bambanci ya tsaya.

Yanzu mu shiga cikin kwamfuta. Manhajar da ke cikinta an tara ta ne daga ɗaruruwan ƙunshi, wani lokaci dubbai, kowanne da aikinsa, kuma wani ya dogara da wani kamar yadda injin mota ya dogara da batir. Saboda haka aka ƙirƙiri wata manhaja ta musamman mai aikin magatakarda, wadda ke ɗauko ƙunshin daga rumbun masu shi ta intanet, ta girka shi, ta rubuta a littafinta, kana ta riƙa sabunta shi duk sa'ad da aka fito da gyara. A tsarin Debian sunanta apt, a Fedora dnf, a openSUSE kuwa zypper. Kowane ƙunshi yana da suna da lambar fitowa, kuma waɗannan su ne daidai da 504 da lambar zanen atamfa, domin kwamfuta miliyan tana iya ɗauke da ƙunshi iri ɗaya. Amma in ofis yana son ya san wace kwamfuta ce ta karɓi gyara, wace ce ba ta karɓa ba, tilas kowace ta mallaki lambar da ba a raba ta da kowa.

To, wa zai ba da wannan lamba? Hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda muka saba da ita, watau a sami hukuma guda mai riƙe da babban littafi. Lambar ɗan ƙasa ta NIN, mai alƙaluma 11, hukumar NIMC ce ke bayarwa, wadda aka kafa da dokar 2007. Lambar banki ta BVN, ita ma mai alƙaluma 11, an fara ta a 2014 a ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya. Amfanin wannan hanya shi ne akwai wanda za a tuhuma in an yi kuskure, wahalarta kuwa duk wanda ya taɓa bin layin rajista ya san ta. Ba zai yiwu a ce kowace kwamfuta a duniya sai ta bi layi ba. Don haka masana suka fito da hanya ta biyu, watau kowace kwamfuta ta jefa wa kanta ƙuri'a. Lambar da ake samu ta haka ana kiranta UUID, asalinta daga kamfanin Apollo na Amurka ne a shekarun 1980, kuma aka rubuta ƙa'idarta ta intanet a 2005. Tana da gurbi 32, a kowane gurbi ana sa alƙalami daga 0 zuwa 9 ko harafi daga a zuwa f.

Na ga wasu suna murmushi, suna cewa a ransu ai ƙuri'a tana iya faɗa wa mutum biyu. Gaskiya ne, amma ku ji girman tulun da ake zaro ta. Yawan lambobin da ke cikinsa adadi ne mai alƙaluma 37. Masu lissafi sun nuna cewa ko da ana zaro lamba biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai an shafe kimanin shekara 85 kafin a kai matsayin da samun biyu masu kama da rashinsa za su zo daidai wa daida. Saboda haka in kun ga kwamfuta biyu da lamba ɗaya, kada ku zargi ƙuri'a, ku nemi hannun ɗan Adam. A nan ne labarina ya shigo.

Wata shekara aka kawo sababbin kwamfutoci talatin a wani ofis da na yi aiki a nan kudancin kogi, aka ce in shirya su kafin Litinin. Na dubi aikin, na ga in na bi su ɗaya bayan ɗaya ba zan gama ba. Sai na shirya guda tsaf, na girka mata duk abin da ake bukata, kana na kwafe faifanta ɗungum na zuba wa sauran ashirin da tara. Wannan dabara ce sananniya, ba laifi a cikinta. Laifin nawa ne, domin na manta cewa wadda na fara shiryawa ta riga ta jefa ƙuri'arta, kuma lambarta tana cikin abin da na kwafa. Ran Litinin kowa ya zauna ya kama aiki, maigidana ya yaba mini, ni ma na yaba wa kaina.

Uwar garken da ke rarraba gyare-gyare a ofishin kuwa da lamba take gane kwamfuta. A wurinta duk talatin ɗin abu guda ne mai yawan sake suna, wadda duk ta yi magana daga ƙarshe ita ce ke bayyana a rahoto. Kullum na leƙa sai in ga an rubuta komai lafiya, ban tsaya na ƙidaya layukan rahoton ba. Ashe kwamfutar akawun kuɗi ta daina karɓar gyara tun da daɗewa, 'yan'uwanta suna amsa kira a madadinta, kamar ɗalibin da ke amsa sunan abokinsa a aji. Sai da wata muguwar manhaja ta shige ta, takardun albashin wata guda suka lalace, mutane suka yi mako biyu suna jiran haƙƙinsu, sa'an nan na gano abin da na aikata. Har yanzu ina tuna fuskar wani dattijo masinja da ya tsaya a bakin ƙofata, bai zage ni ba, ya dai tambaye ni ko akwai labari.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta ofis guda. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda gyaran bai kai gare su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda bai san yawan bangayensa ba yaya zai san wanda ya tsage?

Ku da za ku riƙe fayil da rajista a ma'aikatu, wannan ciwo yana da ɗan'uwa da kuka fi sani. Ni na bai wa abu talatin lamba ɗaya. Mai cin albashin bogi shi kuma yakan bai wa mutum ɗaya lamba talatin. A farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwar cire sunaye fiye da 23,000 daga takardar albashi bayan an gwada su da lambar BVN, domin suna yana da sauƙin ƙirƙira, amma yatsun mutum goma ne kawai. Ƙa'idar guda ce a wuraren biyu: abu ɗaya lamba ɗaya, lamba ɗaya abu ɗaya. Duk inda aka karya ta, ko da gangan ko da ganganci, rahoto zai yi ƙarya kuma wani zai cutu.

Sai dai kada in bar ku da tunanin cewa lamba alheri ce zalla. Lambar da ba ta sakewa, in ana aika ta waje kullum, ta zama sawun da za a bi a san inda mutum yake da abin da yake yi. Masu haɗa manhaja sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A Debian akwai tsarin ƙidayar ƙunshin da mutane suka fi amfani da su, wanda ke aika rahoto tare da lambar kwamfuta, amma ba ya aiki sai mai ita ya yarda. A Fedora an kawo shawarar yin ƙidaya da irin wannan lamba, jama'a suka nuna damuwa, daga baya a 2020 aka ɗauki wata hanya wadda kwamfuta ke cewa a ƙidaya ta sau ɗaya a mako ba tare da ta faɗi ko ita wace ce ba. A nan gida ma an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023. Darasin shi ne, wanda ke son sanin yawan mutane ba lalle ne ya san sunayensu ba, kuma ma'aikaci nagari ba ya tara abin da aikinsa bai bukata ba.

To, mene ne abin yi? Na farko, kafin ku kwafe faifan kwamfuta ku zuba wa wasu, ku share lambar da ke ciki domin kowace ta jefa ƙuri'arta a tashin farko. A tsarin Linux wannan lamba tana cikin wani ɗan fayil mai suna machine-id, akan bar shi fanko. A Windows akwai manhaja mai suna Sysprep da aka tanada don shirya faifai kafin kwafi. Na biyu, in kun gama, ku ƙidaya. In kwamfuta talatin kuka shirya, rahoto ya nuna talatin, in ya nuna ashirin da tara ku tashi ku nemo gudar da ƙafarku. Na uku, ku riƙe rajista wadda ta haɗa lambar ciki da lambar da ofis ya rubuta a jikin kwamfutar da sunan ɗakin da take, domin ranar da aka canja muku wurin aiki magajinku ya sami abin dubawa. Na huɗu, lambar abin da ya mutu ko aka yi gwanjonsa a binne ta tare da shi, kada a bai wa sabo, kamar yadda ba a ɗaukar lambar fayil ɗin wanda ya yi ritaya a liƙa wa sabon ɗauka. Na biyar, lambar da aka ba ku amana, ta na'ura ce ko ta mutum, kada ku bari ta fita sai da dalili da izini.

Malam Shugaba, na san babu wanda ake yi wa kirari don ya riƙe rajista daidai, kuma ba a ganin aikin sai ranar da ya ɓaci. Amma mafi yawanmu a nan irin wannan aiki ne zai zama rabonmu, kuma albashin wani da fanshon wani suna rataye a kan layin da muka rubuta. Abin da nake roƙonku shi ne, gobe in kun koma ofis ko ɗakin karatu, kowa ya ɗauki rajista guda da ke hannunsa ya gwada ta da abin da ke ƙasa, ya ga ko sun yi daidai.

 In akwai tambaya ina nan. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.