Zuma Da Lafiyar Hanta: Jawabi A Taron Wata-Wata Na Ƙungiya

 

An ba ni dama in ce wani abu game da zuma da hanta, domin magana ta yaɗu a nan Sabo cewa wai likitoci sun tabbatar mai shan zuma guba ba ta kama hantarsa. To, jama'a, bari mu ajiye maganar a inda take.

Darajar zuma ba abin musu ba ce, Suratun Nahli ta ambace ta da waraka. Masana kuma a jami'o'in Masar da Malesiya da nan Nijeriya sun yi gwaji a kanta. Sukan raba ɓeraye kashi-kashi. Wasu a yi kwanaki ana ba su zuma gwargwadon nauyin jikinsu, wasu a hana su. Daga nan sai a ba su abin da ke ɓata hanta, kamar farasitamol fiye da kima, ko wani sinadari da a da ake zubawa cikin tukunyar kashe gobara. In an auna jininsu, an kuma duba hantar, sau da yawa sai a tarar ɓarnar ta fi sauƙi ga waɗanda suka sha zuma. Dalili, in ji masanan, zuma tana ɗauke da sinadaran furanni masu rage ƙunar da guba ke yi wa ƙwayoyin hanta.

Amma fa ku lura. Na farko, ɓera aka gwada, ba ɗan Adam ba. Na biyu, ɓarnar raguwa ta yi, ba a ce ta ɓace ba. Na uku, zuma tsantsa suka yi aiki da ita, ba wadda aka yi wa algus da dafaffen sukari ba.

Abin da ya sa nake jan kunne shi ne halin 'yan dakonmu da direbobinmu. Mutum ya wuni ƙarƙashin buhu, jiki ya yi tsami, sai ya shiga kemis a haɗa masa ƙwayoyi, ya watsa, ya bi da zuma cokali biyu, wai ta wanke. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Kuma yawancin magungunan mura suna da shi a ciki. Wanda ya zarce, asibiti za a kai shi nan take, ko da yana jin garau, domin akwai maganin karya gubar, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Kada a tsaya ɗura masa zuma har ido ya yi ɗorawa.

Masu hatsi, a guji sayar da gyaɗa da masara masu hunhuna, gubarsu tana jawo sankarar hanta. A je a yi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ba shi da shi ya karɓi rigakafi. Iyaye mata, kada a ba jariri zuma sai ya cika shekara 1. Mai ciwon sukari kuma ya nemi shawarar likita, don kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne.

Mu masu sayar da ita, mu ji tsoron Allah, kada mu yi wa mai saye alkawarin da ba mu da hujjarsa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.