Icen da Uwa Take Goyawa: Lacca kan Sassaƙen Yarabawa

 

Na san da aka sanar da batun yau, akwai wanda ya ce a ransa: me ya haɗa mu da gumakan Yarabawa? To, Bakatsine ne ya riga mu shiga wannan fage. Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667, ya yi rubutu a kan ƙasar Yarabawa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya kafa hujja da shi a littafinsa Infaƙul Maisuri.

Bari in fara da tagwaye, don nan muka fi kusa da su. Mu muna da Hassan da Husaini, sai Gambo ya biyo. Su suna da Taiwo da Kehinde, sai Idowu. Allah ya yawaita musu haihuwar tagwaye, har garin Igbo-Ora na Jihar Oyo ya yi suna a kai. Amma tagwaye kan zo ba ƙwari, a da kuwa sau da yawa ɗaya yakan koma. A imaninsu na gargajiya ran tagwaye ɗaya ne, wanda ya tafi zai ja ɗan'uwansa. Sai iyaye su je wurin babalawo, mai dubansu, ya nuna masassaƙin da za a ba aiki. A fito da ɗan mutum-mutumi, tsayinsa taƙi guda da ɗan ɗori, da kitso da tsagen gidansu, a siffar baligin da yaron bai kai ya zama ba. Sunansa ere ibeji. Uwa ta goya shi zuwa gida, ta riƙa yi masa wanka, ta shafe jikin da jan garin ice, kan kuma da shuni, ta ɗaura masa wuri da tsakiya, ta taɓa masa wake da manja a baki.

Na taɓa tsayawa gaban ɗaya a gidan tarihi a Legas. Hancin ya kusa ɓacewa, leɓen ya shafe, fuskar ta yi sumul kamar bakin tsohuwar muciya. Masu saye a Turai wannan suɗewar ce ke ƙara masa tsada a wurinsu. Ni kuwa hannun wata mata na gani, shekara da shekaru tana wanke fuskar ɗan da ta binne. Aƙidarmu a fili take: rai na Allah ne, ice ba ya riƙe shi. Amma wannan juyayin mun san shi. Mu ma ai kakanninmu kan ce tagwaye na aika kunama, kuma har gobe abin da aka saya wa Hassan sai an saya wa Husaini.

Cikin sassaƙensu akwai kuma opon Ifa, faifan katakon da babalawo ke yin duban Ifa a kansa, mai fuskar Esu, wani abin bautarsu, a bakinsa. A barbaɗa gari a kai, a juya ƙwallon manja 16, a zana alama ɗaya cikin 256. Wanda ya taɓa ganin bugun ƙasa zai ga kamar. Hukumar UNESCO ta sa Ifa cikin gadon duniya a 2005.

Masu aikin sassaƙar kuwa sanannu ne. Ƙofar da Olowe na Ise ya sassaƙa wa fadar Ikere an kai ta baje kolin Wembley a 1924, tana Landan har yanzu. Lamidi Fakeye, wanda ya rasu a 2009, Musulmi ne, ya koyar da sassaƙa a jami'ar Ife. Gizago yake riƙewa, irin na mai fafe mana turmi da akushi ranar kasuwa.

Abin da ya fi damuna yana nan gida. Ƙasar Katsina ma tana da tsofaffin mutum-mutumin yumɓu a ƙarƙashinta, kuma satarsu ta kai har a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kada a saya, tare da na Nok da Ife da Sakkwato. Manomi kan tono, ko ya fasa don tsoro, ko ya sayar a banza. Malamai, ku gaya wa ɗalibanku: in garma ta ci karo da irin wannan, a sanar da dagaci, a aika wa gidan tarihi na Katsina, a bar shi inda yake kwance. Zurfin ramin da gawayin da ke gefensa su ne za su faɗi shekarunsa.