Jawabi ga masu shirin bin miji ko mata zuwa wata ƙasa

Da yawanmu a gaban liman da shaidu aka ɗaura mana aure, babu takarda. Ofishin jakadanci kuwa takarda yake dubawa kafin ya ba da biza. Saboda haka mu nemi takardar aure tun yanzu, mu haɗa da katin HCR da takardun haihuwar yara.

Wanda ke can ya aiko da yarjejeniyar haya mai sunansa, da rasit ɗin wuta ko ruwa, da yawan ɗakunan gidan.

Mu duba rubutun suna: Muhammadu a wannan takarda, Mahamadou a waccan, yana iya tsai da komai. Mu guji takardar jabu ta dillalai. In aka gano, biza ta tafi.

Allah ya sada kowa da nasa.